Ninki Ashirin da Uku a Siket ɗin Mama

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Dolina ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa juye masifata a ciki maimakon in juye wa mutane. Maƙwabciyarmu ce, ƙawar Mama tun suna 'yan mata, kuma har yau ba a yi abin da za ta ce ba ruwanta ba. Na ce mata littafi ɗaya ba zai ishe ni ba. Ta ce in fara, za ta ƙaro.

To ga ta yau. Farquhar, shugaban kwamitin wasannin gari, ya zo da hularsa a hannu kamar mai neman aure. Wai kwamiti ya zauna ya ga Mama ce ta dace ta miƙa wa yara masu rawa kyaututtukansu ranar biyu ga Agusta. Shekara talatin da takwas tana ɗinka wa 'yan rawar garin nan kilt, siket ɗin gargajiyarmu mai ninki da maza da mata ke ɗaurawa, a kan teburin kicin ɗinmu, ninki bayan ninki, da hannu, ko kujera a ƙarƙashin rumfa ba a taɓa ba ta ba. Sai bana. Na san abin da ya sa sai bana, shi ma ya san na sani, shi ya sa da butar shayi yake magana ba da ni ba. Na buɗe baki zan tambaye shi ko kwamitin nasu barci yake yi tun kafin a haife ni, Mama ta ce, "Murdo, miƙo wa baƙo biskit." Na miƙa masa wanda ya karye.

Ta amsa masa. Har da godiya.

Bayan ya tafi ta sa na hau kujera na sauko da wani ƙunshi daga saman durowa. Yadin ulu ne mai nauyi, tsawon yadi shida da rabi, mai gidan darar zuriyar babanta: kore da shuɗi mai duhu, da siririn jan layi yana ratsawa. A shekarar da ta haife ni ta saye shi don ta yi wa kanta siket mai ninki, aikin mutane bai bar ta ba. Ta ce ba za ta hau dandamali a gaban yaran da ta tufatar da wandon kanti a jikinta ba.

Na kalli hannayenta. Tun da aka fara tafiyar Talata zuwa asibiti yatsunta suka daina jin komai, maɓalli ma Dolina ke sa mata. Na ce da wane hannu.

"Da naka," in ji ta.

Ni da aikina jan raga a gonar kifi. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Talata. Dolina ta kai ta birni ta dawo da ita. Na dafa romo. Yana nan.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na karɓi hutu a wurin aiki. Manaja ya fara yi min wa'azi wai kifi ba ya hutu, na ce to ya shiga ruwa ya ba su haƙuri da kansa.

Yau aka yi awo. Ta tsaya a tsakiyar kicin, na zagaya da tef. Ƙugu inci ashirin da takwas. A jikin takardar da aka naɗe yadin akwai rubutunta na da, talatin da uku, kuma ko bara na san ba ta gaza haka ba. Na ce tef ɗin ne ya tsufa. Ta sa na gwada shi da sandar awon da ke kafe a bakin tebur. Daidai yake, shegen. Na ce to mu rubuta talatin da ɗaya, ai mutum yana cin abinci.

"Rubuta abin da tef ya faɗa."

Na rubuta. Na danna har bakin fensir ya karye.

Motar littattafai ta zo da rana, na ari wani kan ɗinkin kilt, mai hotuna. Ta sa na karanta mata shafi biyu, ta ce wanda ya rubuta shi bai taɓa soke yatsa ba, in cusa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi. Ban cusa ba. Ni da littafi akwai mutunci tsakaninmu. Na bar makaranta ina sha biyar ban iya haɗa layi biyu ba, malamai sun gama yanke hukunci cewa kaina dutse ne. Da littafin gyaran injin jirgin ruwa na koya wa kaina, kalma kalma da yatsa, shekara biyu, a rumfar da muke ajiye raga. In na iya wancan ba mataimaki, allura ba za ta gagare ni ba. Na faɗa mata haka. Ta ce allura ba ta san na yi karatu ba.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Ninki ashirin da uku za a yi a baya. Gaba a shimfiɗe yake, ba ninki. Jiya muka wuni muna sa alli. Ni na so a jera su yadda jan layin zai hau kan kowane ninki, irin na sojoji, ya fi sauƙi kuma ya fi ɗaukar ido. Ta ce ita ba soja ba ce. So take in an gama ninkewa gidan darar ya sake fitowa a baya cif, kamar ba a ninke ba. Wato aikin da ya fi wuya shi ne wanda ba mai lura an yi shi. Halin Mama ke nan tun ina yaro.

Ga yadda ake yi. Ka zauna, ka ɗora ƙafa kan ƙafa, ka kafe yadin a gwiwa, ka ja shi ya miƙe. Daga kwatangwalo ake ɗinkewa zuwa ƙugu, inci bakwai, yana tsukewa a hankali. Daga nan zuwa ƙasa a sake yake, don ya riƙa lilo in ana tafiya. Suka goma a kowane inci. Zare ba zai fito ba. Layukan da suka gitta sai sun haɗu baki da baki.

Ninkin farko sau biyar na farke shi. A na biyar ɗin na cire hular ƙarfen da ke yatsana na yi jifa da ita ta bugi firji. Ta ce in ɗauko, ta kakata ce, ta ga masu fushin da suka fi ni. A na shida ta ɗaga shi wajen taga ta daɗe tana kallo, ta ce, "To." A bakin Mama wannan kirari ne.

Yatsana ya huje wuri huɗu. Ta ce kada in zuba mata jini a yadi, in je can in zubar.

Lahadi, 13 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Ba a taɓa allura ranar Lahadi a gidan nan, ko gari zai kama da wuta. Kwana guda a banza, ga shi kwanakin a ƙirge suke. Kwanakin wasa nake nufi.

Matan coci sun biyo bayan sujada. Yanzu miya bakwai ce a firji. Kowace ta shigo da murya ƙasa-ƙasa da kai a karkace. Na tambayi ɗaya ko wuyanta ne ke ciwo. Mama ta kore ni waje, amma na jiyo ta tana tarin nan da take yi in tana ɓoye dariya.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Ninki biyar.

Da na juya aikin na ga cikinsa, sai na tarar yadi ya taru a baya tuli guda, ninki kan ninki, kauri kamar katifa. Na ce haka za a ɗaura wannan a ƙugu? Ta ce a'a. In an gama duka ashirin da ukun sai a ɗauki babban almakashi a yanke cikin kowane ninki daga ƙugu zuwa kwatangwalo, a bar ɗan baki kaɗan, a rufe da shafi. Shi ke sa ya kwanta luf a bayan mutum, nauyin ma ya ragu.

Na ce to in mai shi ya ƙara jiki fa? Ta ce sai ya sayi sabon yadi. Na ce in ba a yanke ba fa? Ta ce sai a farke a buɗa masa, ko inci nawa yake so.

Na ce to namu ba za a yanke ba.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce ita a shekara talatin da takwas ba ta taɓa sakin aiki da katifa a bayansa ba. Na ce ai wannan ba aikinta ba ne, nawa ne. Ta ce in ja zarena, na shida na jira.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Talata.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Ta ci ƙwai guda da rabin gasasshen burodi. Da man shanu. Ta nemi ƙarin shayi. Ta zagi gwamnati, ta zagi ɗinkina, ta ce in aske gemun nan, na fara kama da bunsurun da ya ɓata a dutse. Ina rubutawa don in tuna: ƙwai guda, rabin burodi. Da irin wannan ci, ashirin da takwas ba za ta daɗe ba.

Ninki goma.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Sha huɗu. Ninki na tara ya ɗan karkace. Ba ta gani ba, ko ta gani ta yi shiru, wanda ya fi ba ni tsoro. Na farke shi da kaina.

Na gamu da Farquhar a kanti. Ya dafa min kafaɗa, ya rage murya, ya ce kwamiti ya tanadi kujera mai taya ko da za a buƙata, kuma za a gajarta bikin. Na ce ya adana kujerar da kyau, shi zai buƙace ta in ya sake dafa ni. Mai kanti ta ce Murdo. Kowa a garin nan abin da ya iya ke nan, ya ce Murdo.

Na manta madarar da na je saya.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Mama ta ce Farquhar ba mugu ba ne, sakarai ne kawai, kuma ita ta ɗinka masa kilt ɗin aurensa, ta san gwiwoyinsa, ba abin tsoro a jikinsa. Sannan ta ce kujerar kam ba za ta hau ba. Na ce yawwa. Ta ce ba don ni ba.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Sun dawo da wuri. Ba a saba dawowa kafin huɗu ba.

Mama ta wuce ɗaki. Dolina ta tsaya a tsakar gida da makullin mota a hannu tana jira in fito. Na fito na wuce ta na je gyaran ƙyauren lambu. Ba abin da ya sami ƙyauren. Na cire shi na mayar. Ta biyo ni, ta faɗa wa bayana abin da za ta faɗa. Na ce ta riƙe min ƙusa. Ta riƙe.

Ba sauran tafiyar Talata, asibiti sun dakatar da maganin. Wata ma'aikaciyar jinya ce za ta riƙa zuwa gida.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Babban almakashin yana rumfar raga, cikin akwatin kayan gyara, ƙarƙashin tsumma. Ni na kai shi.

Sha takwas.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Ashirin da uku. Na shimfiɗa shi a tebur, gidan darar ya fito a baya yadda ta so, kore na bin shuɗi, jan layi a wurinsa. Ta bi kowane ninki da bayan hannunta, don can ne take ɗan ji. Ta ce, "Kai ka yi wannan." Na ce a'a, Farquhar ne.

Sai ta ce in kawo almakashi. Na ce ban gan shi ba. Ta ce shekara talatin da takwas yana rataye a ƙusa ɗaya, yau ya yi ƙafa? Na ce abubuwa da yawa sun canza a gidan nan. Dolina tana wurin. Ta tashi ta je gida ta dawo da nata, ta ce ita za ta yanke in ni ba zan iya ba.

Na shiga tsakaninta da tebur. Abin da na faɗa mata ba zan rubuta duka ba. Na ce sauri take yi. Na ce duk sun gama yanke wa Mama awo, ita da likitocin birni da kwamiti da matan miya, saura ni kaɗai. Na ce ta tafi gidanta ta yanka labulenta.

Matar da ke tashi tun da sassafe kowace Talata ta tuƙa mil sittin zuwa, sittin dawowa, ta zauna a benci tana jira. Ta sa almakashin a aljihun rigarta, ta sumbaci Mama a ka, ta fita.

Mama ta ce, "Murdo, ba zan ƙara jiki ba."

Na ce ranar Alhamis ɗin can kin ci ƙwai.

"Na ci."

Na ce to.

Ta ce to.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na yanke wa Dolina ciyawar gidanta gaba da baya, na hau na share mata magudanar rufi. Ta fito da shayi ta ajiye a kan katanga. Ta ce littafin ya cika ne? Na ce da saura. Ta ce ita ta ɗauka ya cika, shi ya sa ragowar ta zubo mata. Na sha shayin. Sukari uku ta sa, yadda nake so. Muguwa.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe goma sha biyu na rana

Mama ta sauko. Da safe, tana jujjuya cokali a kunun da ba za ta sha ba, ta ce in bar shi haka, kada a yanke, in sa shafi a kai in kafa maɗaurai. Za ta sa shi a haka. Na tambaya ko da gaske take. Ta ce aikina ne, ni na faɗa.

Na yi nasara ke nan. Na riƙe shafin da farin zare, na kafa maɗauran fata biyu a hagu. Allura biyu ta karye min saboda kaurin. Ina aiki ina fito. Ita tana kallon taga.

Ma'aikaciyar jinyar ta zo. Tana da kirki. Ba na son ta.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Ta gwada. Dolina ta ɗaura mata. Daga gaba ba laifi, har na ji kaina ya fara girma. Ta ce za ta taka zuwa ƙyaure ta dawo, ta ga ko za ta iya tsayuwar ranar Asabar, kuma kada wanda ya bi ta. Na tsaya a taga.

Daga nan na ga bayan. Tulin yadin ya turo a ƙugunta kamar ta goya filo, daidai inda take sa robar ruwan zafi. Nauyin yana jan siket ɗin ƙasa, ta riƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan a katanga. Taku ashirin ne daga ƙofa zuwa ƙyaure. Sau uku ta tsaya. A na uku ta yi kamar tana duba furanni. Ba fure a wurin, dankali ne.

Ta dawo ta zauna a bakin kujera, don ba dama ta jingina da shi. Leɓenta ya yi fari. Ta ce ya yi daidai, ba ya damunta ko kaɗan, na iya aiki.

Matar da na gani da idona ta farke kilt guda cur, aikin mako biyu, saboda layi ɗaya ya goce da kaurin zare, mai shi ma bai gani ba. Ita ce za ta hau dandamali da katifa a baya, gaban duk wanda ta taɓa ɗinka wa, tana cewa ya yi daidai. Kuma ba ta iya ƙarya ba, ba ta taɓa iyawa ba. Kunnuwanta ke yin ja.

Dolina ta dube ni. Ko Murdo ɗin ba ta ce ba.

Na fita na zauna a rumfar raga har aka kira ni cin abinci. Inci biyar nake ta ajiye mata. Ni na ajiye, ita ke ɗauka.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Almakashin yana warin man inji. Na wanke shi, na wasa shi.

Na zare farin zaren na ɗage shafin. Ta shigo kicin ta same ni tsaye da shi a hannu, ta ja kujera kusa ta zauna, ba ta tambayi inda ya fito ba. Ta ce in fara daga tsakiya in yi waje, in bar rabin inci daga ɗinki, in sa hannun hagu a ƙarƙashi kada in haɗa da fuskar yadin.

Na sa bakin almakashin. Na tsaya. Ban san iya daɗewar da na yi ba, ita kuma ba ta hanzarta ni ba. Can ta ɗora hannunta a kan nawa. Sanyi ƙalau, kuma na san ba ta jin nawa.

"Ulu ne kawai, ɗan nan," in ji ta.

Na ce na sani.

Ulu mai kauri yana da ƙara in ana yanka shi, ƙurus ƙurus, kamar saniya na cin ciyawa. Wajen na takwas na daina gani sosai. Ta ce in tsaya in share fuska, ba ta yarda a yi mata yanka a makance ba. Na ce ƙurar ulu ce. Ta ce ta sani, ita ma tana damunta.

Guntayen sun cika kwandon burodi. Na ɗaga kwandon na ji nauyinsa. Na kira kaina da sunan da ko littafin nan ba zai ɗauka ba.

Juma'a, 1 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Dolina ta zo da tabarau da allurarta, ba wanda ya kira ta. Ni na kame cikin ninkin da ɗinki, ita ta yi shafi, Mama tana ba da umarni daga kujera kamar kyaftin ɗin jirgi. Sai guga: jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, a danna dutsen guga, a ɗaga, a ɗora katako a danne har ya huce. Ba a ja. Gidan duk ya ɗauki warin tunkiyar da ruwa ya duka. Mama ta ce tun watan Maris wannan ne warin farko da bai tayar mata da zuciya ba.

Ta sa. Ta jingina da kujera har baya. Ta lumshe ido.

Asabar, 2 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Ruwa ya ɗauke da goma, ƙwarin nan masu cizo suka karɓi aiki. Masu busa sun zagaya fili sau biyu, an yi gudu, an yi jifan gungume, sannan aka zo kan 'yan rawa. Kujerar Farquhar tana bayan rumfa, wani ya ɗora mata kwalin kofuna. Mama ta hau matakala huɗu tana riƙe da hannuna. A sama ta sake ni.

Minti talatin da biyar. Na duba agogo. Yara sha tara, kuma ba wadda ta karɓi kyauta sai da Mama ta juya ta ta duba bayanta. Ɗaya ta sha faɗa a kan maɗauri, gaban gari, da kofi a hannunta. Da aka gama Farquhar ya miƙa mata abin magana. Ta ce ba ta da jawabi. Sai ta juya wa jama'a baya ta tsaya cak. Na ɗauka jiri ne, har na yunƙura. Sai ta ɗan kaɗa ƙugu. Ninkin ya yi lilo hagu da dama, ya koma ya kwanta.

Ta waiwayo ta ce, "Murdo ne ya ɗinka."

Aka yi tafi. Na kalli takalmina. Farquhar ya zo zai dafa ni, ya tuna, ya miƙo hannu. Na karɓa. Kada dai a saba.

A mota na ɗauka barci ya kwashe ta. Da muka shiga gida ta ƙi zuwa ɗaki, ta ƙi cire siket ɗin, ta zauna a kicin ta ce in miƙo tef. Na ce ai an gama awo. Ta ce ba nata ba. Ta riga ta sa Dolina ta aika masaƙa a kawo yadi takwas, zai iso ranar Laraba. Ita za ta nuna min inda zan sa alli, sauran na iya. Wai ɗanta na zuwa bikin mutane da kilt ɗin aro, abin kunya ne ga mai sana'a.

Ta ce nawa kilt ɗin za a yanke bayansa kamar na kowa, amma a gefen gaba za a ninke inci huɗu a ɓoye ciki, don marigayi babana yana cika arba'in ya yi tumbi, kuma ƙirarsa na ɗauko. In lokacin ya zo in farke da kaina in buɗa.

Na ce ashe ana iya haka, shi ne ba ki faɗa ba.

Ta ce ana yi wa wanda zai buƙata.

Na kalli ƙafar teburin. Na ce ni ba zan yi tumbi ba.

"Za ka yi," in ji ta. "Ɗaga hannu."

Na ɗaga.